Ruwa ya shiga injin motata: ta yaya zan san girman ɓarnar kafin a sauke inji?

Mai Corolla, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin inji, domin yau kwana huɗu ke nan wannan al'amari ya hana ni sukuni. Ranar Talata da yamma, bayan ruwan nan mai ƙarfi, na taso daga wurin aiki na tarar ruwa ya kwanta a wani kwari da ke kan hanyarmu. Da na ga ƙananan motoci suna ratsawa sai ni ma na shiga a hankali, amma ina kaiwa tsakiya wata babbar mota ta taho daga ɗaya hannun ta watso ruwa har saman bonet, nan take motata ta mutu. Kuskuren da na yi shi ne na murɗa makulli sau biyu. A na farko inji ya ɗan juya ya tsaya cak, a na biyu kuwa ƙara ɗaya na ji, kamar an sauke guduma a kan ƙarfe.

Washegari bakanike ya zo ya kwance fulogai, ya ba ta wuta, ruwa ya yi tsartuwa daga rami biyu. Bayan ya sauya baƙin mai motar ta tashi, sai dai tana karkarwa idan tana tsaye, kuma akwai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, wadda take ƙara sauri idan na taka totur. Toyota Corolla ce ta 2006, mai injin lita 1.8. Wanda ya yi aikin ya ce in ci gaba da hawa, ƙarar za ta ɓace da kanta. Wani kuma bai gama saurarenta ba ya ce in tafi kasuwar Ƙofar Ruwa in sayo wani injin. Shin akwai hanyar da za a bi a tabbatar da abin da ya lalace kafin in kashe kuɗin da ba ni da shi?

Tsohon bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye na gaba. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye motar nan, kada ka sake tayar da ita har sai an yi awon da zan bayyana maka, domin tashin da ta yi ba shaida ba ne cewa inji lafiya yake.

Ga dalili. Aikin fistin shi ne ya haura sama ya matse iska da fetur a ɗan sararin da ya rage tsakaninsa da top silinda, wato murfin saman inji. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. A irin injinka kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 450, kuma ana matse wannan har ya koma kimanin mililita 50, wato abin da bai kai rabin kofin shayi ba. Idan ruwan da ya shiga ya wuce wannan, fistin zai haura ya tarar da bango, alhali karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana ci gaba da turo shi daga ƙasa, sai ƙarfin ya sauka a kan abin da ke tsakaninsu, wato konrod, sandan ƙarfen da ke haɗa su, ya lanƙwashe shi. Idan inji ya mutu a ruwa yana tafiya a hankali, sau da yawa yakan tsaya ba tare da ɓarna ba. Amma igiyar ruwa da ta same ka kana kan totur, da murɗa makullin da ka yi daga baya, duk suna iya jawo wannan lanƙwasa, kuma ƙarar da ka ce ka ji ita ce ta fi damuna.

Ka sa a fara da awon matsi. Ana kwance fulogai huɗun duka, a cire fiyus ɗin famfon fetur, a zare wayoyin kwil, wato abin da ke ba fulogi wuta, sannan a ɗaura geji a kowane rami a juya inji tare da danne totur har ƙasa. Abin da ake dubawa shi ne daidaito, domin bai kamata wata silinda ta yi ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Idan an sami wadda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokali guda a sake awo. In lambar ta haura sosai, ringi ne ko jikin silinda. In ta tsaya inda take, zargi ya koma kan bawul, ko gasket, ko konrod.

Sai dai ni a aikina na fi amincewa da awon tsayin fistin, domin na sha ganin konrod da ya ɗan lanƙwashe amma geji bai nuna wani bambanci mai tayar da hankali ba. A injin silinda huɗu, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa da sauka, haka na 2 da na 3. A sa sifana a kan notin fuli na karanshaf a juya inji da hannu har na 1 da na 4 su kai ƙarshen hawansu, a zura siririn ƙarfe miƙaƙƙe ta ramin fulogi har ya taɓa kan fistin, a yi masa alama daidai bakin rami, sannan a kai shi ɗaya ramin a gwada. A maimaita haka ga na 2 da na 3. Konrod da ya lanƙwashe gajarta yake yi, don haka fistinsa ba zai kai inda na sauran suke kaiwa ba, kuma bambancin milimita 1 ko 2 ya isa hujja. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan tana iya kasancewa gindin fistin ne yake shafar karanshaf idan ya sauka ƙasa, ko kuma metal ɗin konrod, wato siririn ƙarfen da ke shimfiɗe tsakaninsa da karanshaf, shi ne ya ji rauni. Domin a gani da ido, a kwance kaskon baƙin mai na ƙasan inji a haska fitila, a kuma duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikin man.

Wanda ya ce ka ci gaba da hawa ya ba ka shawara mai haɗari. Konrod da ya lanƙwashe yakan yi makonni yana aiki, sannan rana ɗaya a kan babban titi ya karye ya huda bulok ya fito, kuma a lokacin babu sauran maganar gyara.

Direba daga Maiduguri

Baba ya gama magana a kan inji, ni dai zan ƙara abin da muka gani a nan bayan ambaliyar watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Motoci da yawa sun kwana a ruwa har saman gilashi, amma waɗanda masu su suka yi haƙuri ba su taɓa makulli ba, suka cire kan batir suka nemi janwe, galibinsu konrod ɗinsu bai sami komai ba, domin inji a kashe yake lokacin da ruwan ya shiga. Abin da ya cuce mu shi ne tsatsa da laka. Ruwa idan ya yi kwanaki a cikin silinda, ringi yakan manne da jikinta, yashi kuma ya bi baƙin mai ya cinye metal.

Saboda haka, ɗan'uwa, sauya baƙin mai sau ɗaya bai wadatar ba. Ka zaro gejin mai ka duba, idan ya koma launin shayi mai madara ko ya haura alamar cika, akwai sauran ruwa, kuma ko bayan an gama gyara a sauya mai da filta sau biyu ko uku a kusa da kusa. A sauya filtar iska ma idan ta jiƙe, a busar da bututun da ke kai iska cikin inji, domin ruwa yakan maƙale a lungunansa inji ya sake zuƙarsa daga baya. Kada a manta da man giya, tunda akwatin giya yana da ƙofar shan iska da ruwa yake bi ya shiga. Masu motocin gas, wato dizal, su fi kowa kiyayewa, domin matsin injinsu ya fi na fetur nesa ba kusa ba, ruwa kaɗan yake isa ya yi musu ɓarna.

Malamin koyar da sana'a, Zariya

Ina da ƙari guda a kan karkarwar. Kafin a yanke hukunci a kan konrod, a tabbatar ba kwil ko fulogi ne ya jiƙe ya daina ba da wuta ba, kuma a duba na'urar auna iska da ke bayan filta, domin ruwa yana rikita ta. Hanya mai sauƙi ita ce a musanya kwil ɗin silindar da ake zargi da na wata, a ga ko matsalar ta bi shi. Sannan a sa ido a kan ruwan lagireto. Idan yana raguwa babu yoyo a waje, ko yana kumfa lokacin da inji ke aiki, ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, to gasket ta fashe ko top silinda ta tsage, kuma ruwan da ke shiga silinda yanzu na cikin motar ne, ba na ruwan sama ba. Amma musanya kwil tana bukatar a tayar da inji, don haka a fara da awon da Baba ya faɗa.

Mai Corolla, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na sa aka ja motar zuwa wani gareji da ke da geji, kuma na tsaya a wurin har aka gama. Silinda uku sun fito kusan daidai da juna, ta 4 ce ta yi ƙasa, kuma zuba mata mai bai ɗaga lambar ba. Da aka zura ƙarfen kamar yadda Baba ya kwatanta, fistin na 4 ya gaza na 1 da kusan milimita 2. Mun kwance kaskon mai, na ga konrod ɗin da idona ya ɗan karkace, amma babu ɓurɓushin ƙarfe a cikin man, ruwan lagireto ma bai ragu ba. Bakaniken ya ce zai buɗe top silinda ranar Litinin ya duba jikin silindar. Baba, idan babu karce a jikinta, konrod ɗaya da metal da ringi sun isa, ko sai an sauya na silinda ta 3 ma, tunda ita ce ta biyun da ruwa ya fito daga cikinta?

Tsohon bakanike, Kaduna

Tunda za a buɗe, a zaro na 3 ɗin ma a ɗora shi kusa da lafiyayye a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe a gwada tsayi da miƙewa. Idan sun yi daidai a mayar da shi, babu bukatar asarar kuɗi. Fistin na 4 kuwa a wanke shi tas a duba tsaga a wajen fil ɗin da ke haɗa shi da konrod da kuma ramukan ringi, a kai karanshaf wurin masu awo su tabbatar bai goce ba, kuma konrod ɗin da za ka sayo ya kasance na irin injinka ne, nauyinsa daidai da na sauran ukun. Ka sa masa sabuwar gasket, kada a mayar da tsohuwar ko da ta fito da kyan gani.