Maganin ɗaukewar al'ada yana jawo sankarar mama? A sha ko a bari?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 52, al'ada ta ɗauke min shekara biyu ke nan. Zafi sai ya taso daga ƙirji zuwa fuska, da dare kuma in farka sharkaf da zufa, barci ya gagara. Likita ta ce in fara maganin da ke mayar wa jiki sinadarin estirojin, amma ƙanwata ta rantse cewa sankarar mama yake jawowa. Ku ba ni shawara.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiyar ƙanwarki ce. A 2002 aka tsayar da wani babban bincike a Amurka tun lokacinsa bai cika ba, saboda masu shan maganin sun fi kamuwa da ita. Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce. Ki yi haƙuri, zai wuce.

Sista Maryam: Anti, binciken gaskiya ne, sunansa WHI, mata sama da 16,000 ne a cikinsa. Amma a duba abin da ya gano. Cikin mata 10,000 masu shan estirojin haɗe da furojestin, wato sinadarin da ake ƙarawa don kare bangon mahaifa, an samu ƙarin mata 8 a shekara da suka kamu. Kuma matsakaicin shekarun matan 63, da yawansu al'ada ta ɗauke musu fiye da shekara goma kafin su fara. Hajiya ba ta cikin wannan sahun.

Anti Ladi: Takwas ɗin nan 'ya'yan wasu ne, Sista.

Sista Maryam: Haka ne wallahi, ban raina su ba. Amma akwai ɓangare na biyu da ba a cika faɗa ba. Matan da aka cire wa mahaifa, aka ba su estirojin shi kaɗai, sankarar mama ba ta ƙaru a cikinsu ba. An tsayar da nasu a 2004 ne saboda shanyewar ɓarin jiki. Mai mahaifa kuwa dole a haɗa mata da furojestin, don estirojin zalla yana kaurara bangon mahaifa har ya iya zama sankara.

Maman Aisha: Sista, kada mu sauƙaƙa da yawa. A 2019 masana a Ingila sun tattara bayanan mata fiye da 100,000 masu sankarar mama. Suka ce idan mata 50 suka fara shan haɗin estirojin da furojestin kullum suna da shekara 50, suka yi shekara biyar a kai, za a samu ƙarin mace ɗaya da ta kamu cikin shekara ashirin. Haɗarin yana ƙaruwa da daɗewar shan. Ni yayata ta yi wannan jinya, na ga abin da idona.

Sista Maryam: Allah ya ƙara mata lafiya, Maman Aisha. Shi ya sa ba kowa ake ba wa ba. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko gudan jini ya taɓa toshe mata jijiya, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ba nata ba ne. Abin da ke min ciwo shi ne a ce wa mace ta yi haƙuri kawai. Zafin nan kan kai shekara bakwai ko fiye, ga bushewar gaba da mata ke jin kunyar faɗa, ga ƙarfin ƙashi yana raguwa. Wadda ba ta kai 60 ba, kuma ɗaukewar ba ta kai shekara goma ba, yawanci amfanin ya fi haɗarin. Akwai ma na liƙawa a fata, wanda bai kai ƙwaya jawo gudan jini ba.

Anti Ladi: Ni dai ba zan sha ba. Amma na janye cewa kada kowa ta sha.

Hajiya Rabi: Na gode muku. Mahaifata tana nan, kuma gwaggona ta yi sankarar mama, abin da ban faɗa wa likitar ba. Zan koma in faɗa mata, in kuma tambaye ta na liƙawar.