Fim ba ya tsayuwa sai da rikici?

Tsohon Malami: Duk mai son koyon sharhin fim ya riƙe tambaya biyu: me jarumi yake so, me ya tare masa hanya? In ka ci minti ashirin kana kallo ba ka samu amsa ba, marubuci ya gaza. Babu rikici, babu fim. Aristotul ma, masanin falsafar nan na Girka, sama da shekara 2,300 da suka wuce, da ya jero sassa 6 na wasan kwaikwayon ban tausayi, zubin labari ya sa a gaba, halin 'yan wasa na biye, kayan ƙawa can ƙarshe.

Ɗalibar Fim: Malam, a gafarce ni, ai zubin labari ya ce, bai ce rikici ba. A Japan akwai tsarin da suke kira kishotenketsu: gabatarwa, ci gaba, juyi, kammalawa. A mataki na uku sai wani abu da ba ka zata ba ya faɗo, ya sauya maka fahimtar abin da ka gani tun farko. Ba sai an ja da kowa ba.

Ɗan Kallo: Ni fa in ba a naushi kowa ba barci nake yi 😂

Tsohon Malami: Kai yaro, wa ya ce maka rikici dambe ne? Uwa tana haɗa wa ɗanta jaka zai yi tafiya mai nisa. Bakinta na cewa "yi sauri kar ka makara", hannunta kuwa ya ninke riga ɗaya sau uku, yana warwarewa. Ga rikici nan, ko murya ba a ɗaga ba.

Mai Kamara: To Malam, wannan hannun wa ya nuna maka shi? Kamara ce ta matso, mai tacewa ya bar hoton ya daɗe. Lev Kuleshov, wani mai shirya fim a Rasha, ya gwada haka wajen 1920: fuskar ɗan wasa ɗaya, ya haɗa ta da kwanon miya, ya haɗa ta da gawa a akwati. Masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta motsa ba. Mai sharhin da labari kawai ya iya, karatun littafi yake yi.

Ɗalibar Fim: Kuma Malam, in har ninke riga ya shiga sahun rikici, me ya rage da ba rikici ba? Ka buɗa ma'aunin har ya daina auna komai.

Tsohon Malami: Wannan kin kama ni, 'yata. Amma ɗan koyo nake magana a kai. Sharhina na farko, labarin na kwashe kaf na zuba, har wanda ya mutu a ƙarshe na faɗa, na sha zagi kuwa. Tambayoyin nan biyu ne suka raba ni da wannan ɗabi'a.

Mai Kamara: Na yarda a fara da su. Amma a kallo na biyu a kashe sauti.

Ɗan Kallo: Na biyu? Yaya, wai har sau biyu kuke kallon fim ɗaya?