Barin leda a Lenti: azumi ne ko tsafta ce kawai?

Sakataren Matasa: Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Larabar Toka, ranar da ake fara Lenti, wato azumin kwana arba'in kafin Ista, ta matso, mu matasa mun zo da shawara: bana ikilisiyarmu ta ƙaurace wa leda har zuwa Ista. Cocin Ingila ta yi irin haka a Lentin 2018, ta fitar da jadawali, kowace rana da abin robar da mutum zai rage. A ganinmu wannan ma azumi ne, kamar barin nama ranar Juma'a.

Baba Katikis: Ɗana, niyyarku mai kyau ce, amma ban yarda a kira shi azumi ba. Yesu ya yi kwana arba'in a jeji ba ci, ya ji yunwa. Azumi hana jiki abin da yake so ne domin zuciya ta juyo ga Allah. Wa ke sha'awar leda har barinta ya dame shi? Tsoro nake mutum ya cika ciki da tuwo, ya ce ai yana azumi tunda da kwando ya je kasuwa. Tsafta wajibi ce duk shekara, ba ta jiran Lenti.

Uwar Zumunta: Baba, a gafarce ni, ku maza ba ku ne kuke zuwa cefane ba. Tumatir leda, attaruhu leda, manja leda biyu don kada ya zube, gishirin naira ɗari ma leda. Ka dawo gida ka ƙulla alale a leda, ka kwashe tuwo a leda. A ce mace ta bar duk wannan sati shida, sai ta tashi da wuri ta wanke kwalabe, ta ɗauki roba mai murfi zuwa wurin niƙa, ta nemo ganye ko gwangwani don alale. Wahala ce ta gaske. Ni dai barin nama ranar Juma'a ya fi mini sauƙi, da ma sau nawa muke cinsa?

Baba Katikis: Mama, na ji wahalar. Amma ba kowace wahala ce ibada ba.

Malamin Lahadi: Baba, ina ganin Ishaya 58 ta taɓa wannan. Mutanen sun yi azumi, sun yi kuka cewa Allah bai kula ba, aka ce musu azumin da ake so shi ne a kwance wa wanda ake zalunta ƙangi, a raba abinci da mayunwaci. Wato ana duba abin da azumin ya yi wa maƙwabci. To mu dubi unguwarmu. Ista na wucewa ruwan farko zai sauka. Ledar da muka zubar tun rani ita ce za ta toshe kwata, ruwan kuma ba gidajen kan tudu zai shiga ba, ɗakunan haya na gangare zai shiga, inda gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi suke. Ku tuna Akara, babban birnin Ghana, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutane sama da ɗari suka mutu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si' a wannan shekarar, ya koka da ɗabi'ar amfani da abu sau ɗaya a jefar, ya ce talaka ne ya fi shan wahalarta. Idan tuba na nufin barin abin da ke cutar da wani, ban ga dalilin cire leda daga ciki ba.

Anti Nas: Ina goyon bayan matasa, amma a ware fiya wata, wato ruwan sha na leda. Lenti yana faɗawa cikin Maris, lokacin da zafi ke tsananta, rijiyoyi na ƙafewa, famfo kuwa kun san halinsa. Wanda ba shi da kuɗin ruwan gora, ledar nan ce ke tsakaninsa da ruwan rijiya mara murfi. Kada wata ta ji an ce leda zunubi ce ta shayar da yara ruwan da zai kawo amai da gudawa. Jadawalin Ingila an yi shi ne don mutanen da ruwa mai tsafta ke zuwa musu har kicin. Abin da zan roƙa a bari gaba ɗaya shi ne hura gawayi da leda, da ƙona shara a tsakar gida. Hayaƙin nan guba ne, yara da masu asma ne ke fara shaƙa.

Mai Shago: Ni ma a saurare ni. In na ce wa mai saye babu leda, shagon gaba zai tafi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana farar robar tekawe a Janairun 2024. Duk gwamnati ce ta yi doka, kowa ya bi a lokaci guda. Mu coci ɗaya me za mu canza?

Uwar Zumunta: Ɗan'uwa, ba a ce ka hana kowa ba. Mu ne za mu zo maka da jakarmu. Kuma ka dubi harabar coci bayan bikin aure ko godiyar girbi, tekawe da leda har bakin ƙofa. Akuyar maƙwabciyata ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, da aka yanka ta sai dunƙulen leda a tumbinta. Da kuɗinta ake shirin biyan makarantar yaro. Yesu da ya ciyar da mutum dubu biyar, cewa ya yi a tattara ragowar kada kome ya lalace.

Baba Katikis: To, ga inda na tsaya. Addu'a, azumi da sadaka, ba a musanya ɗaya da ɗaya. Azumin Larabar Toka da na Juma'a Mai Kyau yana nan yadda yake, barin nama ma haka. Barin leda in kun so ku ɗora a kai, ni a wurin sadaka zan sa shi, tunda maƙwabci ne zai amfana. Kuma Matiyu 6 ta gargaɗe mu kan azumin ganin ido. Kada a mai da shi ɗaukar hoto da kwando ana sawa a Facebook, kada kuma a harari wadda ta zo da leda.

Malamin Lahadi: Ni har yanzu azumi nake kiransa, Baba, amma sharuɗɗanka na karɓa.

Sakataren Matasa: Mun gode. Fiya wata tana nan, sai dai mu ajiye buhu a bakin coci a tara ledojin wuri ɗaya. Asabar ta uku a Lenti za mu yashe kwatar layin gangare. Anti Nas, a taimaka mana da safar hannu. Mama, Zumunta za ta iya ara mana faranti da kula don abincin Ista?

Uwar Zumunta: Za mu ara, in matasa ne za su yi wanke-wanke.