Bashin tirela ya kai ni kotu, in kwashe kuɗin ritayata in tura gida?

Baban Khalifa, Bronx, New York:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai tura ta kai bango. Na shigo Amurka a 2009, na yi shekara 11 ina aiki a wani kamfanin ajiyar kaya, ana yankar albashina ana zubawa a 401(k), wato asusun ritaya na kamfani. Da korona ta zo aka sallame mu, sai na mayar da kuɗin cikin IRA, wato asusun ritaya na kaina. Yanzu akwai dala 86,000 a ciki. A 2021 da dakon kaya ke kawo kuɗi, ni da wani abokina muka ci bashi muka sayi kan tirela. Ta yi mana aiki shekara ɗaya da rabi, sai injinta ya buga a hanyar Pennsylvania. Gyara ya cinye ribar, direba ya tafi, kuɗin inshora ya hau, kuɗin dako ya faɗi. Abokin nawa ya koma gida, wayarsa ma ba ta shiga. Masu bashi suka ɗauke motar suka yi gwanjonta, suka ce saura dala 61,000, kuma ni ne na sa hannu cewa in kamfani ya gaza zan biya daga aljihuna. Yanzu sammaci ya zo. Shekarata 52, 'ya'ya huɗu, tasi nake ja. Wallahi ba na barci. Tunanina shi ne in cire kuɗin duka in tura Kano a ƙarasa min gini kafin su sa hannu a kai. Me kuka gani?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka. Amma yaushe aka ba ka sammacin? Hannu da hannu aka miƙa maka ko ta wasiƙa ya zo?

Alhaji na Houston:
Malam, saurara ka ji. Kada ka taɓa ko sisi. Yadda kuɗin nan suke a cikin IRA sun fi tsaro da duk wani gini a Kano. Ka cire su kafin ka cika shekara 59 da rabi, za a ci ka tarar kashi 10 cikin 100, dala 8,600 ke nan, sannan a lissafa kuɗin cikin abin da ka samu a shekarar, tarayya ta ci haraji, jihar New York ta ci, birnin ma ya ci. Abin da ya rage kuma da zarar ya sauka a asusunka na banki ya cuɗanya da sauran kuɗinka, kare shi daga mai bashi zai fi wuya. Da hannunka za ka buɗe musu ƙofar da doka ta kulle. Ni shawarata ma ka tattara iyalinka ka dawo Texas. A nan doka ta kare IRA gaba ɗaya, har wanda mutum ya gada, kuma ba a yankar albashin mutum saboda bashi irin naka. Ku a New York ana iya yankar kashi 10.

Ɗan Damagaram:
Ni dai ban yarda da kuɗin da ke hannun Bature ba. Abin da ka gani a ƙasa shi ne naka. Ka tura gida.

Hajiya mai shago:
Ya tura gida wa zai riƙe masa? Ni nan shekara shida ina tura wa ƙanena kuɗin gini, yana aiko min da hotuna. Da na je na tarar da fili babu ko bulo ɗaya, hotunan gidan wani ne. Mahaifiyarmu ta ce in yi haƙuri ɗan uwana ne. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Adashe nawa na ɗauka saboda ginin nan.

Baban Khalifa:
Hajiya, yayana ne ke kula da nawa, mutum ne mai tsoron Allah, ginin ya kai linta na gani da idona. Kuma ba gudun bashi nake ba. Guminna ne na shekara 11, motar kuma sun riga sun ɗauke.

Malama daga Ohio:
Ɗan uwa, aikin lissafin haraji nake yi, ba lauya ba ce ni, amma bari in raba maka abu biyu da ake cuɗanyawa. Da kuɗin suna cikin 401(k) ɗin kamfani, dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ce ke tsare su a ko'ina kake. Da ka mayar da su IRA sun fita daga ƙarƙashinta. Yanzu in mai bashi ya yi nasara a kotu, dokar jiharka ce za ta ce ko zai iya taɓa su, kuma jihohi sun bambanta. New York tana cikin masu kare IRA, sai dai kariyar ba ta shafi kuɗin da aka zuba daga kwana 90 kafin a shigar da ƙarar, da wanda aka zuba don a ɓoye wa mai bashi. In kuwa ka je kotun tarayya ka bayyana karayar arziki, dokar 2005 ta kare IRA har wani adadi da ake sabuntawa duk shekara uku, daga Afrilun 2025 ya kai dala 1,711,975. Kuɗin da aka ɗebo daga 401(k) ma ba sa shiga wannan iyaka. Saboda haka ka nemo takardun da ke nuna daga inda kuɗinka suka fito. Waɗanda kariyar ba ta hanawa su ne hukumar haraji ta IRS da haƙƙin ciyar da 'ya'ya ko rabon dukiya in aure ya mutu.

Alhaji na Houston:
Abin da na faɗa ke nan, sai dai Texas ta fi. Shekarata 24 a ƙasar nan, na ga irin wannan ya fi sau goma.

Malama daga Ohio:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ƙaura ba ta goge ƙarar da aka riga aka shigar, kuma hukuncin wata jiha ana iya kai shi wata a zartar. A kotun karayar arziki ma sai mutum ya yi kwana 730 a sabuwar jiha kafin ya ci moriyar kariyarta. IRA ɗinsa a tsare yake a inda yake zaune.

Alhaji na Houston:
Malama, ke littafi kika karanta, ni mutane na gani. Ya dawo nan, haya ma ta fi sauƙi.

Malam Liman:
Duk ana maganar yadda za a tsare kuɗi, ba wanda ya ce a biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ka je ka same su ku yi sulhu, ko da rabi ne.

Ɗan Damagaram:
Malam, bashin ruwa ne fa. Sun ci riba, sun ɗauke mota, sun sayar da ita a wulaƙance. Ni katin bashi na dala 4,000 sai da ya koma 7,000 ina kwance a asibiti, ba wanda ya tausaya min.

Baban Khalifa:
Malam Liman, na ji kuma ina tsoron Allah. Amma babi na 7 na dokar karayar arziki da ake cewa in shiga, shekara 10 yana kan sunan mutum, wa zai ba ni hayar gida? Kuma jama'a za su ji. Maman yara ma ban gaya mata ba tukuna, tana da hawan jini. Wani abin da ban faɗa ba, watan jiya na biya surukina dala 9,000 da ya ranta min lokacin gyaran inji. Shi ya fi cancanta, ya taimake ni ranar da ba kowa.

Malama daga Ohio:
Wannan fa sai ka gaya wa lauya. In ka shiga karayar arziki, kuɗin da ka biya ɗan uwa ko suruki cikin shekara guda kotu na iya karɓo su daga hannunsa. Turawa gida kuma bayan sammaci ya zo, ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓoye dukiya, har alƙali ya ƙi yafe maka bashin. Akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta a Bronx, ka je gobe.

Baban Khalifa:
Su karɓa daga hannun surukina? To ai gara kada in shiga kotun ma. Ina ganin zan cire rabi kawai, ko rufi a yi wa ginin kafin damina.

Alhaji na Houston:
Rabi ma sai an ci ka tarar kashi 10 ɗin. Ka kira ni da daddare in yi maka bayanin unguwannin nan.

Maman Ummi:
Baban Khalifa, har yanzu ba ka amsa min ba. A New York wa'adin mayar da amsa kwana 20 ne in hannu da hannu aka ba ka, 30 in ta wata hanya ce. In ba ka mayar da amsa ba za a yanke hukunci ba ka nan, su rufe maka asusun banki. Ranar nawa ga wata takardar ta zo?

Baban Khalifa:
Khalifa ne ya karɓa ina wajen aiki, ya ajiye a kan firij. Ina jin ta kwana biyu kafin in gani. Bari in sauke fasinjan nan in duba.