AOFlagger yana share min layin haidurojin tare da kutsen rediyo

Salamu alaikum. Sati biyu ke nan ina fama da abu ɗaya game da AOFlagger, manhajar da ke gano kutsen rediyo (siginar da ba ta sama ba) ta cire shi daga bayanai, na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Ina ɗaukar bayanai da ƙaramin farantin eriya da RTL-SDR (ƙaramar na'urar kama rediyo da ake jonawa da kwamfuta ta USB), ina farautar layin haidurojin, wato siginar rediyo da iskar haidurojin ke fitarwa a mitar 1420.4 MHz, daga gungun taurarinmu. A hoton lokaci da mita, kutse iri biyu ke damuna. Akwai wasu siraran layuka da ba sa gusawa, faɗinsu tasha ɗaya ko biyu (tasha ita ce ƙaramin yanki na mita). Ina zargin kwamfutata ce, domin in na nisanta kebul ɗin USB sai su yi sauƙi. Sai kuma wani ƙyalli da ke cika duk tashoshi na daƙiƙa biyu ya ɓace.

Na fara da yanke duk abin da ya haura sigma 5 (ninki biyar na yadda bayanan suka saba kaucewa daga matsakaicinsu) a kowace tasha. Ƙyallin ya tafi, amma siraran layukan ko gezau, tunda kullum suna nan, lissafin ya ɗauke su tamkar sararin sama. Da na koma AOFlagger, SumThreshold, dabararsa ta gano kutse, ya kwashe su tas, sai dai ya gutsure ƙololuwar tudun da siginar haidurojin ɗin ke yi a hoton, wanda faɗinsa ya kai kusan rabin MHz. In na sassauta, tudun ya dawo, layukan ma su biyo shi. Kurtosis, lissafin da ke gano kutse daga ɗanyen samfuri, kuwa ba zancensa, matsakaicin ƙarfin sigina na kowace tasha kawai na adana, ban ajiye ɗanyen samfuri ba.

Yaya zan saita tacewar bango a AOFlagger, wato matakin da ke ƙiyasta siginar sama kafin a nemi kutse, ta ɗauki faffaɗan tudun a matsayin sama, amma ta ci gaba da kama siraran layukan da suka faɗo cikinsa? Na gode.