Mari ya kunce, gori ya ƙi kuncewa

Ɗan Fanisau:
Salamu alaikum. An fasa auren ƙanena wata biyu da suka wuce, wai mu jikokin bayi ne. Abin ya tsaya mini a wuya, sai na zuba shi a baiti. Mai amsa ya amsa da amon "wa".

Mun kai goro har da kuɗin gaisuwa,
An sa rana, dangi suna ta taruwa.
Sai kawun yarinyar ya ce a tono asali,
Wai mu jinin rinji ne, cucanawa.
Kakana ya nome gandun sarki,
A Fanisau rumbu ya cika, shi da yunwa.
Ƙanena ya bar zama a majalisa,
Ka kira sunansa, sai sunkuyawa.

'Yar Ƙonni:
Ɗan'uwa, kukanka ya iso Ƙonni,
Mu a nan miki ne da bai gama warkewa.
Hadijatu Mani na da shekara 12,
A 1996 aka yi cinikinta da biyawa.
Wahayya ce, baiwa ba sadaki ba igiya,
Surfe, ɗiban ruwa, dare ba hutawa.
Doka ta hana bauta a 2003,
Ubangida ya ce matarsa ce, ba sakewa.
Sai 2008, kotun CEDEAO ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Yamai,
Ta ce Nijar ta gaza wurin karewa.

Malamin Zaure:
Kun sa ni hawaye, Allah ya sani.

A da bawa na biyan murgu don ya yi nemansa,
Ya tara kuɗin fansa cikin daurewa.
A 1936 aka soke bauta a Arewa,
Takarda ta faɗa, zuciya na ƙiyawa.
Ku tambayi kawun nan, ina ya baro Zaidu?
'Yantacce ne, Manzo ya yi masa aurarwa.
Zainab 'yar gwaggon Annabi ya ba shi,
Wane asali ne ya kai nata ɗaukakawa?

Ɗan Fanisau:
Malam, mun kai masa zancen Zaidu,
Ya ce ya sani, bakin duniya yake gujewa.
Ƙwaryar goron nan da aka maido mana,
Inna ta ƙi rabawa, ta ƙi zubarwa.
Tana yayyafa masa ruwa kowace safiya,
Jiya na duba, ya fara bushewa.