Mesh ne ko ripita? Musun da ya cinye zauren masu haɗa netwok

Mai Kafe: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wani mai kiran kansa injiniya ya rantse mini benenmu mai hawa uku ba zai samu intanet marar yankewa ba sai an ja kebul kowane hawa, ya yanko kuɗi kamar fili zan saya. Na sallame shi, na sa rawuta uku, na'urorin raba intanet, na yi mesh da hannuna, wato na haɗa su da juna ba kebul. Ta ƙasa na ba ta layi biyu, faiba da 4G. Tana buga ping, wato tana ƙwanƙwasa adireshin Google na 8.8.8.8 don ta ji ko akwai intanet, da ta ji shiru sai ta koma 4G da kanta, faiba na dawowa ta dawo. Na ce wannan sauyin layin ya fi jan kebul amfani. Mai ja ya fito.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam. Alhaji, in ta tsakiya ta mutu, ta sama tana kama ta ƙasa?

Mai Kafe: Dekin biyu ne tsakaninsu, ba ta kamawa.

Ɗan Farm Centre: To ba mesh ka yi ba, ripita ka jera, kowace tana maimaita siginar ta ƙasa da ita kawai. A mesh kowace rawuta tana da hanya fiye da ɗaya, in guda ta faɗi saƙo ya zaga ta wata. Naka sarƙa ce, a cire ƙarfe ɗaya ta tsinke.

Mai Kafe: A jikin kwalin mesh aka rubuta, ni ban ƙirƙira ba.

Ɗan Zariya: Kwali kuma? Haba Alhaji! Mesh na da ƙa'ida, 802.11s, tun 2011 aka fitar da ita. Ko ka sa wa rawuta manhajar OpenWrt ka kunna tsarin mesh na batman-adv, wanda 'yan ƙungiyar Freifunk ta Jamus suka ƙirƙiro, yana cikin Linux tun 2011 ɗin. Da shi ne kowace rawuta ke auna maƙwabtanta ta zaɓi hanya mafi kyau. Sauyin layi kuma manhajar mwan3 ke yinsa.

Hajiya Mai POS: Batman kuma? Ni dai tambayata, in ana tsakiyar tura kuɗi layi ya sauya, kuɗin kwastoma zai maƙale?

Ɗan Zariya: Zai iya, Hajiya. Adireshin IP yana canzawa, haɗin da ke tafiya sai ya tsinke a sake shi.

Ɗan Farm Centre: Ku 'yan OpenWrt komai sai kun kai mu aji. Rawutar MikroTik kawai, hanya biyu, babbar distance 1, ta ko-ta-kwana 2, ka sa check-gateway, shi ke nan ka tafi sallah.

Ɗan Zariya: Mai sayar da kaya dole ya yabi kayansa. Kuma check-gateway ƙofar farko kawai yake dubawa. Modem na iya amsawa alhali bayansa babu intanet. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da kebulan teku, WACS, MainOne, ACE da SAT-3, suka yanke ta gaɓar Kodebuwa? Ranar ma mai layi biyu in duk ta teku ɗaya suke bi, kuka ya yi.

Ɗan Farm Centre: Malam, ni kasuwa ta koya mini, ba allo ba. Rawuta nawa ka taɓa ɗaurawa a rana?

Ɗan Maraɗi: Ku sa Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, a layi na biyu ku huta, tun 2023 yake Najeriya.

Baban Yara: Wa zai biya kuɗin wata? Kuma duk surutun nan ba wanda ya yi maganar wuta. In aka ɗauke, rawutar hawa na biyu tana kan inbata?

Mai Kafe: Ta ƙasa ce kaɗai a kan sola.

Baban Yara: Innalillahi! To layin ya sauya wa wa?

Ɗan Farm Centre: Ba na faɗa ba? Ripita.

Mai Kafe: Yaro, ka daina ce mini ripita, na girmi babban yayanka.

Hajiya Mai POS: Har yanzu ba a gaya mini yadda zan yi da POS ɗina ba.

Ɗan Zariya: Ko ripitar ma ba daidai ya faɗa ba. Sarƙar da ke gudu a kan 802.11s mesh ce, sai dai marar madadin hanya.

Ɗan Farm Centre: Ɗazu ka ce haba Alhaji, yanzu ka koma bayansa. Zazzagawa ke nan!

Admin: Jama'a dare ya yi, ga abin da zaure ya tsaya a kai. Abin da Alhaji ya haɗa ba mesh ba ne, kowa ya yarda. Rawuta mai rediyo ɗaya, duk tsallake ɗaya gudunta na raguwa kusan rabi, don haka injiniyan da aka kora shi ke da gaskiya: a ja kebul ɗin Cat6 kowane hawa, tunda yana kai mita 100 lafiya lau. Maganar batman ta 'yan boko ce. Mai buƙatar kebul ya same ni ta bayan fage, akwai ragi ga 'yan zaure.

Ɗan Zariya: Ni yaushe na yarda?

Admin: An rufe sharhi sai da safe.